Girman gari ne ke ruɗa ma'aunin zafi?

Malam, tambayarka ko girman birane ne yasa ake ganin duniya na ƙara zafi, da ƙamshin gaskiya amma ba duka ba. Mu nan Pantami tun da Gombe ta samu jiha a 1996 gini ya cinye gonaki, kwalta da siminti su sha rana su dinga amayo zafin da dare, bayan isha'i ka taɓa bango da ɗumi wallahi. Masana sun san da haka, suna haɗa ma'aunin birni da na ƙauye su gyara lissafin. Kuma kusan kashi 70 na duniya teku ne, ba gini can, shima ɗumama yake, tauraron ɗan adam tun 1979 abinda yake nunawa kenan.