Amsa ga mai tambaya kan ɗaukar ciki alhali tana shan maganin taɓin hankali

'Yar'uwa, kin ce kina ƙauye kusa da Ringim, kina shan maganin sikizofireniya (wani nau'in taɓin hankali), kina son haihuwa, surukarki kuma ta ce ki ajiye maganin tukuna. Don Allah kada ki ajiye shi da kanki. Ciwon yakan dawo idan aka yanke magani farat ɗaya, kuma makonnin farko na jego su ne mafi hatsari.

Kafin ki ɗauki ciki, ki je wurin likitan ƙwaƙwalwa, ko a Kazaure ko Dawanau, ke da maigidanki, da kwalin maganin a hannu. Sunan maganin ne zai raba gardama. Risperidone da haloperidol sukan ɗauke al'ada, sai mace ta zaci ba za ta yi ciki ba, alhali tana iya yi. Olanzapine yana ƙara ƙiba da sukari, don haka a riƙa gwada jininki wurin awo. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne sodium valproate, domin yana iya nakasa jariri. Idan yana cikin magungunanki, ki faɗa wa likita yau, ba gobe ba.

In kuma tazarar haihuwa kike so tukuna, idan carbamazepine yana cikin magungunanki, yana rage ƙarfin ƙwayar tazara da ashanar hannu, amma allurar wata 3 tana aiki.

Ki faɗa wa ma'aikaciyar awo maganin da kike sha, ba abin kunya ba ne. Ki haihu a asibiti, kuma a samo wadda za ta riƙa karɓar jaririn da dare ki samu barci. Allah ya ba ki lafiya.