Tambaya da Amsa: Duk Sanda Muka Je Ganin Gida Sai Na Dawo a Kwance

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce, 'ya'yana uku, autan bai cika shekara biyu ba. Duk lokacin dogon hutu muna tafiya ganin iyaye da dangi. Tafiyar kusan awa 11 ce a mota, maigidana ne ke tuƙi. Ina son zuwan, amma da mun dawo sai ciwon kai, mura, ciwon baya, ƙafafuna su kumbura. Shi ma maigidan a hanyar dawowa ina ganin yana lumshe ido, in na yi magana ya ce ba komai. Ciwo ne ke damuna ko raki ne, kamar yadda ake ce min? Kuma laifi ne in ce bana a haƙura da tafiyar?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ba raki ba ne, kuma zan zo kan jikinki. Amma bari in fara da idon maigida, domin shi ne ya fi tayar min da hankali a cikin saƙon nan.

Direban da ke lumshe ido ya riga ya fara barci, ko da shi bai sani ba. Idan gajiya ta kai wa ƙwaƙwalwa iya wuya, takan ɗauke na 'yan daƙiƙu sannan ta dawo, mutum kuma ya rantse idonsa biyu. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa huɗu ke nan motar ta wuce mita 110 ba mai lura da ita, ga ku a ciki ke da yara. Gidauniyar AAA ta Amurka, mai nazarin kiyaye haɗarin hanya, ta fitar da bincike a 2016 wanda ya nuna cewa direban da ya yi barcin awa 5 zuwa 6 haɗarinsa ya kusa ninka na wanda ya samu awa 7, wanda kuwa bai kai awa 4 ba haɗarinsa ya haura ninki 11. Tun a 1997 masu bincike a Ostareliya suka gano cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa da saurin hannunsa sun yi daidai da na wanda ya sha barasa har iyakar da ƙasashe da dama ke hana tuƙi.

Buɗe gilashi, ƙure rediyo, wanke fuska, duk dabarun da ba sa wuce 'yan mintuna ne. Barci ɓarawo ne, kuma maganinsa barci. Ƙa'idar hanya ta Birtaniya ta ce a tsaya aƙalla minti 15 bayan kowace awa 2, a kuma guji doguwar tafiya tsakanin 12 na dare da 6 na safe. In barcin ya riga ya zo, a samu wuri mai aminci a tsaya, ya sha kofi, ya kwanta minti 15 zuwa 20. Ni a ganina mutum ɗaya ya tuƙa awa 11 a rana guda da iyalinsa a baya ganganci ne, ko da ya saba. A nemi direba na biyu, ko a raba tafiyar a kwana a hanya. Ki kuma lura cewa a dawowa kika fi ganin haka, saboda ya kwashe kwanaki yana hirar dare da 'yan uwa, sannan ya ɗauki hanya.

Ke kuwa gajiyarki tun kafin a tayar da mota ta fara. Makon tafiya makon wanki ne da haɗa kaya da ƙarasa ayyuka, daren tafiya kuma da ƙyar uwa ke samun barcin kirki. An isa, sai baƙon ɗaki. Masana barci a Jami'ar Brown ta Amurka sun nuna a 2016 cewa a daren farko a sabon wuri ɓangare ɗaya na ƙwaƙwalwa ba ya nutsewa sosai, yana zaman gadi, shi ya sa ƙaramin motsi ke tayar da mutum. Ga gaishe-gaishe, ga yara sun rikice saboda lokacin barcinsu ya canza, ga kunyar a ce kin kwanta alhali ana aiki. Kowa na hutu ban da ke. Wannan ba a cika faɗarsa ba, amma shi ne rabin matsalar iyaye mata.

Murar ma tana da dalili. A wani gwaji da aka wallafa a 2015 a Amurka, an sa wa mutum 164 ƙwayar cutar mura da saninsu, sai aka ga masu barcin ƙasa da awa 6 sun fi masu haura awa 7 kamuwa da kusan ninki huɗu. Ki haɗa wannan da cunkoson gida da musabaha da yara masu majina. Ciwon kai kuma sau da yawa na ƙishirwa ne: mata da yawa kan ƙi shan ruwa a hanya don gudun neman makewayi. Ki sha, a tsaya miki. Ciwon bayan kuwa na zama wuri ɗaya ne. Ƙaramin matashi a ƙugu da miƙewa a kowane zango suna rage shi ƙwarai.

Kumburin ƙafa yana bukatar a bambance. In duka biyun ne suka kumbura daidai, ba zafi, kuma suka sace bayan kwana ɗaya ko biyu, ruwa ne ya taru saboda zama, ba abin tsoro ba ne. In ƙafa ɗaya ce, ga ciwo a sha-raɓa, ga ɗumi ko canjin launi, to ana zargin gudan jini a jijiya, kuma asibiti za a nufa a ranar, ba a matsa wurin ba. In aka samu sarƙewar numfashi ko ciwon ƙirji, gaggawa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zaman awa 4 ko fiye a tafiya yana kusan ninka wannan haɗari, ko da yake abin bai wuce mutum 1 cikin 6,000 ba, kuma haɗarin kan ɗauki kusan mako huɗu kafin ya sauka. Mai juna biyu, mai jego, mai shan wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa, mai ƙiba, da wadda aka yi wa tiyata kwanan nan su suka fi bukatar kula. Ki riƙa motsa idon sawu kina zaune, ki taka ƙasa duk inda aka tsaya.

Autan naki a kujerar yara ta mota ya kamata ya zauna, ba a cinya ba, a kuma fito da shi a kowane zango.

Batun ko laifi ne a fasa, hukuncin zumunci ba na likita ba ne. Abin da zan iya faɗa shi ne tsakanin tafiya a wahale da fasawa gaba ɗaya akwai hanyoyi da yawa. Ana iya zuwa kafin cunkoson hutu ko bayansa. Ana iya rage yawan gidajen da za a shiga. Abin da na fi nacewa a kai shi ne ku dawo ana saura kwana biyu a koma aiki da makaranta, kuma daren da za a kamo hanya maigida ya kwanta da wuri ko da hira ta yi daɗi. In bana jikinki ba zai ɗauka ba, ku sanar da iyaye tun da wuri, ku ba su wata rana takamaimai. Iyaye sun fi jin zafin a fasa a ƙurarren lokaci.

In kuma gajiyar ta wuce mako biyu bayan dawowa, ko kina jinta ko ba ku je ko'ina ba, ki je a auna jininki a duba ƙarancin jini, hawan jini da suga, musamman da yake ba ki daɗe da haihuwa ba.