Kwamfutata tana daskarewa idan na buɗe bayanan bincike

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, kuma ina aiki da fayil ɗin mata na binciken NDHS na 2018, wato binciken al'umma da lafiya na Najeriya. Da zarar na buɗe shi a manhajar nazarin alƙaluma ta R sai kwamfutar ta daskare, fanka ta yi ta kuka, can sai ta ce wuri bai isa ba. RAM ɗina giga 4 ne. Sabuwa zan saya? Ɗaliba daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki taɓa kuɗinki tukuna. Ni ma na taɓa raba dare ina kallon allo a kan irin wannan fayil, na san zafinsa.

Ma'ajiyar kwamfuta rumbu ce, RAM kuwa faifai ne da ake ɗebo hatsi a kai don a yi aiki. R ba ya taɓa aiki sai ya juye komai a kan faifan. Mata 41,821 aka yi wa tambayoyi a binciken nan, kowace da dubban ginshiƙai, wato gurabun amsoshinta a cikin fayil ɗin. A ce 5,000 ne, kuma kowace lamba tana cin bayit 8 a R: giga ɗaya da rabi ke nan da ɗoriya. Windows ya riga ya kwashe kusan rabin giga huɗun, sannan R yakan kwafi bayanai idan kin sauya su. Ina faifai zai ɗauka?

To, ginshiƙai nawa aikinki yake bukata? Da wuya su wuce talatin. Su kaɗai za ki ɗebo. A cikin read_dta, umarnin buɗe fayil na kunshin haven a R, akwai col_select na zaɓen ginshiƙai, sai ki jera sunayensu: v012 shekaru, v106 ilimi, v190 arziki, da sauransu. Don Allah kada ki bar v005, v021 da v022 a baya. Su ne nauyi da tsarin samfurin, wato yadda aka zaɓo matan da kuma yawan waɗanda kowace take wakilta, in babu su alƙalumanki ba za su wakilci ƙasa ba, kuma wannan ya fi daskarewar kwamfuta damuna.

Ginshiƙai talatin ɗin nan duka-duka mega 10 ne. Ki adana su a ƙaramin fayil da umarnin saveRDS, gobe da shi za ki fara. Ki kuma rufe Chrome lokacin aiki, don shi ma yana cin RAM.

In kwamfutar tana karɓar ƙarin RAM, mai gyara zai iya kai ta giga 8, amma ki fara gwada wannan ki rubuto mini.