Na ɗaura wa farantin setilayit inji, amma tauraro ɗaya kawai yake kamawa

Tambaya: Malam, barka da aiki. Haɗa kayan setilayit sha'awata ce, ba sana'a ba. Na sayi injin da ke juya faranti na ɗaura da hannuna. Tauraro ɗaya yana shigowa tangaram, amma da na tura farantin gabas ko yamma sai sigina ta ɗauke. Injin ne ya lalace?

Amsa: Da wuya a ce injin ne, tunda yana juyawa. Mutane da yawa suna zaton injin nan nemo tauraro yake yi. Ba ya nemo komai. Juyawa kawai ya iya, a kan hanya ɗaya.

Taurarin ɗan adam da muke kamawa duk suna jere ne a saman layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu, nisan kilomita 35,786 daga ƙasa, inda tafiyarsu ta yi daidai da juyawar duniya, shi ya sa muke ganinsu kamar a tsaye. Daga tsakar gidanka jerin nan kamar baka yake: ya tashi daga gabas, ya yi tozo a tsakiya, ya gangara yamma. Aikinka shi ne ka sa hanyar injin ta hau kan wannan bakan. In ta kauce, za su haɗu a wuri ɗaya ne kawai, kuma abin da ya same ka ke nan.

Fara da ƙarfen da ka kafa. Ɗauko ma'aunin ruwa irin na magina ka manna masa ta kowane gefe, bayan ka ɗora injin da farantin, don nauyi kan rinjayar da shi. Faranti maras inji yana yafe karkataccen ƙarfe, mai inji ba ya yafewa. In kumfar ba ta zauna a tsakiya ba, kada ma ka taɓa rimot.

Sai ka mayar da injin kan sifili. A nan dole ya fuskanci kudu ta gaskiya in kana arewa da ikwaita, ko arewa in kana kudu da ita. Kamfas yana taimakawa, amma maganaɗisu yake bi, ga kuma ƙarafan da ke kusa suna ruɗa shi. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce USALS, wato tsarin da risiba ke lissafa wa injin inda zai juya daga wurin da kake. Shiga saitin risiba ka zaɓe shi, ka rubuta latitud da longitud na gidanka, wato lambobin da ke nuna inda yake a taswirar duniya, wayarka za ta ba ka su. Ka kula da harafin gabas ko yamma, kuskurensa kaɗai ya isa ya aika faranti wani wuri daban. Daga nan ka tura injin zuwa tauraron da ya fi kusa da longitud ɗinka. In ya tsaya, sassauta notin da ya riƙe injin a jikin ƙarfe, ka juya injin da farantin gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan, kana dakatawa risiba ta karanta. Ingancin sigina za ka duba, ba ƙarfinta ba.

Sikelin da ke jikin injin kuwa, latitud ɗinka ake sa masa, sannan a saita ɗagawar farantin da lambar da ke takardar injin. LNB kuma, wato na'urar da ke gaban faranti tana karɓar sigina, a miƙe za ka bar shi, kada ka murɗa, injin yana kishingiɗar da farantin da kansa.

Yanzu gwada tauraro ɗaya can gabas, ɗaya can yamma. Tsaya bayan farantin ka ɗan danna bakinsa sama ko ƙasa da yatsa. In duka biyun suna son a ɗaga ne, ko duka a sauke, matsalar tana sikelin latitud da ɗagawar faranti. In ɗaya na son sama ɗaya na son ƙasa, ba ka sami tsakiyar ba tukuna, ko ƙarfen ya karkata. Ɗaure noti a hankali, ɗaya bayan ɗaya, don ɗaurin ƙarshe kan ɓata aikin awa biyu.

Ko komai ya yi daidai, ba duk tauraron da ke kan bakan za ka samu ba. Hot Bird a digiri 13 gabas da Astra a 19.2 Turai suka fi haskawa, Nilesat a digiri 7 yamma kuma Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya. Duba taswirar hasken kowanne kafin ka zargi kanka.

Tambaya: Farantina mita 1.8 ne. Ƙaramin injin DiSEqC, irin wanda risiba ke ba umarni ta wayar sigina, zai ɗauke shi?

Amsa: A'a, kada ka gwada. Waɗannan ƙananan injuna ta wayar risiba suke shan wuta, volt 13 ko 18, kuma yawancinsu iyakarsu faranti mai mita 1.2. Iska ma kaɗai za ta cinye haƙoran injin. Naka yana buƙatar jak, wato injin mai sanda da ke tura faranti, mai volt 36 da akwatinsa na daban, da wayarsa ta daban.