Yadda mutanen Kanada suka ɗauki yajin aikin ma'aikatan gidan waya

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya ko a ƙasashen waje jama'a suna mara wa ma'aikatan gidan waya baya idan sun tafi yajin aiki, ko kuwa tsine musu ake yi kamar yadda wasu suka riƙa yi wa malaman jami'a a gida lokacin yajin ASUU na wata takwas a 2022. Ka kuma ce abin da ya fi ba ka mamaki shi ne a ce har yau akwai wanda rufe gidan waya zai hana shi barci. Ni a Winnipeg nake zaune, a lardin Manitoba na Kanada, kuma a kan idona aka yi yajin ƙarshen 2024, don haka bari in ba ka abin da na gani da abin da na ji daga bakin mutane.

Mamakinka na fahimce shi, domin a gida da yawa daga cikinmu rabonmu da sayen kan sarki tun muna makarantar kwana. Nan kuwa ba haka ba ne. Fasfo ta gidan waya yake zuwa, haka lasin tuƙi, katin banki, katin zama na dindindin da baƙi irinmu ke jira, takardar kotu, da cakin fansho na tsofaffin da ba su yarda da banki ta waya ba. Ga kuma dubban ƙananan 'yan kasuwa da ke sayar da kaya ta intanet, waɗanda gidan waya ne hanyarsu mafi arha ta aika kaya zuwa ko'ina a cikin ƙasa mai faɗin gaske.

Ranar 15 ga Nuwamba 2024 ma'aikata kusan 55,000 na CUPW, ƙungiyar ma'aikatan gidan waya ta Kanada, suka ajiye aiki, ana saura mako shida Kirsimeti, wato lokacin da aka fi aika kaya a duk shekara. Kamfanin Canada Post, wanda mallakar gwamnatin tarayya ne, ya yi tayin ƙarin albashi na kashi 11.5 cikin ɗari a shekara huɗu, ƙungiya ta ce kashi 24 take so, daga baya ta sauko zuwa 19. Hujjarta ita ce tsadar rayuwar da ta biyo bayan korona ta cinye albashinsu, kuma sun yi haƙuri a lokacin annobar suna fita aiki kowa na kulle a gida.

A makon farko, wallahi, za ka ce duk gari na bayansu. Al'adar nan ita ce masu yajin aiki su tsaya a bakin wurin aikinsu riƙe da kwalaye, duk mai motar da ke goyon bayansu ya danna musu oda idan zai wuce. Oda kam an sha ta. Na ga mutane suna tsayawa su miƙa musu kofi mai zafi, kuma duk wanda ya san sanyin Winnipeg a ƙarshen Nuwamba ya san tsayuwar awa huɗu a bakin titi ba wasa ba ce. Garin nan ma yana da tarihi da ƙwadago, domin a nan aka yi babban yajin gama-gari na 1919 da ma'aikata wajen 30,000 suka tsayar da komai na mako shida, kuma ma'aikatan gidan waya suna cikinsu.

Amma da aka shiga mako na uku, harshen mutane ya fara sauyawa. Abin da na lura da shi, kuma shi ne zuciyar amsata gare ka, ra'ayin mutum bai danganta sosai da jam'iyyarsa ko iliminsa ba. Ya danganta ne da abin da yake da shi a maƙale a cikin buhun wasiƙu. Saurayin da komai nasa a waya yake, ko a jikinsa, wani ma sai ya ce ya huta da takardun talla. Wanda ya yanki tikitin tafiya gida hutun ƙarshen shekara kuma fasfonsa bai iso ba, wannan ba ka isa ka yi masa wa'azin haƙƙin ma'aikaci ba. Hukumar da ke ba da fasfo ta sanar tun farko cewa ta riƙe kusan 85,000 da ta kasa aikawa. A masallaci bayan sallar Juma'a hirar ke nan, wannan na jiran katin zama, wancan na jiran takardar izinin aiki, kuma baƙo idan takardarsa ta makara hankalinsa ba ya kwanciya ko da doka tana gefensa.

Waɗanda suka fi jin jiki su ne ƙananan 'yan kasuwa. Ƙungiyarsu ta ƙasa, CFIB, ta ƙiyasta cewa suna asarar dalar Kanada miliyan 76 a kowace rana. Akwai wata baiwar Allah a cikin jama'armu da ke haɗa turaren wuta da humra tana sayarwa ta intanet. Ribar da take samu a kan ƙaramar kwalba ba ta kai kuɗin da kamfanonin jigila masu zaman kansu ke caja ba, don haka kawai sai ta rufe shago a watan da ta saba yin cinikin da ke riƙe ta har bazara. Ba ta zagi kowa ba, amma ta ce min ita ba ta da ƙungiya, ba ta da fansho, ba ta da wanda zai biya ta ranar da ba ta yi ciniki ba. Ban ga abin da zan ce mata ba, domin gaskiya ta faɗa. Ƙungiyoyin agaji ma sun koka, saboda tsofaffi da yawa ta ambulan suke aika gudummawarsu a ƙarshen shekara, har sai da gwamnati ta tsawaita wa'adin karɓar irin wannan gudummawa don rangwamen haraji zuwa ƙarshen Fabrairu 2025.

Sai kuma mutanen arewa mai nisa, irin su Nunavut da ƙauyukan arewacin Manitoba da babu titin mota zuwa cikinsu, sai jirgi. Su ba su da zaɓi na biyu. Magani, kayan jarirai, kayan gyaran inji, duk ta gidan waya suke zuwa. Abin da ya kamata a yaba wa ma'aikatan, kuma mutane ba su cika ambatonsa ba, shi ne sun amince tun kafin a fara cewa za su ci gaba da kai cakin fansho da na tallafin yara, kuma sun kai.

Maganar da na fi ji a bakin masu adawa ita ce: suna da aiki tabbatacce, suna da fansho, suna da hutu, me kuma suke nema, su je su ga yadda sauran mutane ke fama. A nan ne ni nake rabuwa da su, kuma dalilina daga jikina na samo shi. Farkon zuwana na yi aikin rarraba kaya wa wani ɗan kwangila da ke karɓar aiki daga manyan shagunan intanet. Motarka, manka, kuma a kan kowane ƙunshi ake biyanka. Ka zame a kan ƙanƙara ka gurɗe, ranar ba ka da ko sisi. Ba hutun rashin lafiya, ba wanda za ka kai wa ƙara. Yawancin waɗanda muke wannan aiki da su baƙi ne da ɗalibai daga Indiya da Afirka. To da irin wannan aikin ne ake kwatanta ma'aikacin gidan waya a ce ya yi tsada. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ni na san cewa arhar da mai saye ke gani a ƙofarsa ranar Lahadi, wani ne ya biya ta da gwiwarsa da bayansa.

Kuma ainihin rigimar ma a nan take, ba a kan albashi kaɗai ba. A lokacin kamfanin yana so ya fara kai kaya Asabar da Lahadi don ya yi gogayya, amma da ma'aikatan wucin gadi masu 'yan sa'o'i. Ƙungiya ba ta ƙi aikin ƙarshen mako ba, abin da ta ƙi shi ne a buɗe ƙofar da a hankali za a mayar da cikakken aiki ya koma guntu-guntu. Kaɗan ne daga cikin waɗanda na yi hira da su suka san wannan. Abin da ya shiga kunnen jama'a shi ne kashi 24 cikin ɗari, shi ke nan. A ganina ƙungiyar ta gaza wajen bayani, ta bar lambar nan ta zama fuskarta, ta kuma zaɓi lokacin da zafin zai faɗa kan mai turare da mai jiran fasfo fiye da shugabannin da take jayayya da su. Ba ta yi wayo ba a wannan.

Wani abin da matasan nan ma ba su sani ba shi ne abin da wannan ƙungiya ta taɓa samo wa kowa. A 1981 sun yi yajin kwana 42, ana ta zaginsu a jaridu, suka fito da hutun haihuwa na mako 17 da biya, karon farko ga ma'aikatan gwamnatin tarayya, daga nan ya bazu zuwa sauran wurare. Shugabansu na lokacin, Jean-Claude Parrot, ya yi wata biyu a kurkuku a 1980 saboda ya ƙi umartar mutanensa su koma aiki a yajin 1978. Kafin wannan, yajinsu na 1965 yana cikin abin da ya sa aka bai wa ma'aikatan tarayya damar zama a teburin sulhu da gwamnati. Matan da ke cin moriyar hutun haihuwa yau, ciki har da matanmu, da yawa ba su san daga inda aka faro ba.

Duk da haka ba zan ɓoye maka ɗaya ɓangaren ba, domin lissafi ba ya ƙarya. A 2006 gidan wayan Kanada ya kai wasiƙu biliyan 5.5, zuwa 2023 sun koma kusan biliyan 2.2, alhali adireshin da doka ta wajabta masa kai wa ƙaruwa suke yi kowace shekara. Kasonsa a kasuwar jigilar kaya ya faɗo daga kashi 62 a 2019 zuwa 29 a 2023. Ya yi asarar dala miliyan 748 a 2023, da miliyan 841 a 2024, har a farkon 2025 gwamnati ta ranta masa sama da dala biliyan ɗaya don kada ya durƙushe. Duk yajin da aka yi kuma, wasu abokan ciniki suna komawa wani kamfani ba su dawowa. Mai cewa ina za a samo kuɗin ƙarin albashi ba mugu ba ne, tambaya ce ta gaskiya. Sai dai ba mai jakar wasiƙu ne ya kamata ya amsa ta ba. Kai wasiƙa Iqaluit, babban birnin Nunavut, a kan kuɗin da ake kai ta unguwar maƙwabta a Toronto ba zai taɓa zama kasuwanci mai riba ba, hidima ce, kuma gwamnati da masu zaɓenta ne za su ce ko suna so su biya ta. Gwamnatoci sun yi shekaru suna kauce wa wannan magana, suna barin ma'aikata da jama'a su yi ta hararar juna.

Yadda aka ƙare ma ya nuna haka. Ranar 13 ga Disamba ministan ƙwadago Steven MacKinnon ya yi amfani da sashe na 107 na dokar ƙwadago ya miƙa lamarin ga hukumar sasanta rikicin ma'aikata, ita kuma ta umarce su su koma aiki ranar 17, kamfanin kuma ya amince da ƙarin albashi na kashi 5 cikin ɗari. Yawancin mutanen da na sani ajiyar zuciya suka yi. Ni abin ya dame ni, domin ba wannan ne na farko ba: gwamnatin firaminista Harper ta tilasta musu komawa da doka a 2011, kotu a Ontario ta ce a 2016 dokar ta saɓa wa tsarin mulki, sannan gwamnatin firaminista Trudeau ta sake yin tata a 2018. Idan shugabannin kamfani sun san cewa ƙarshenta gwamnati za ta shigo, me zai sa su sassauta a teburi? Kuma ba a warware komai ba. A watan Mayu 2025 William Kaplan, wanda aka naɗa ya binciki lamarin, ya ce kamfanin a zahiri ya karye, ya ba da shawarar a daina kai wasiƙa ƙofa-ƙofa. Ranar 25 ga Satumba 2025 ministan da ke kula da gidan waya a lokacin, Joël Lightbound, ya sanar cewa adireshi kusan miliyan huɗu da suka rage za a mayar da su akwatunan unguwa, za a kuma ɗage haramcin rufe gidajen waya na karkara da aka sa tun 1994. A ranar ma'aikata suka sake fita yajin aiki.

A wannan karon na ji wasu daga cikin waɗanda suka fi kowa zafi a Disamba suna tambayar yadda mahaifiyarsu mai shekara tamanin za ta taka ƙanƙara zuwa akwati a ƙarshen layi. An taɓa gwada wannan shiri daga 2013, jama'a suka yi caa, har magajin garin Montreal na lokacin, Denis Coderre, ya ɗauki injin fasa kankare ya farfasa dakalin da aka zuba don kafa irin wannan akwati a 2015, kuma aka dakatar da shirin bayan zaɓen shekarar. A lokacin ƙungiyar ma'aikatan ce ta yi ta bi gida-gida tana neman mutane su ƙi, kuma mutane sun bi ta.