Hukuncin Kafa Bijimin Siminti a Ƙofar Shago

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina sayar da dusa da kanwa a ƙauyenmu kusa da Maigatari. Yarona ya nuna mini a waya wani bijimin tagulla a Amurka da mutane ke layi suna shafa hancinsa da ƙahonsa wai don sa'ar kuɗi. Ya ce mu sa magini ya yi mana na siminti, mu rubuta "shafa ka yi sa'a" don jawo masu wucewa kasuwar Alhamis. Ni dai talla nake nufi. Ya halatta?

Amsa: Bai halatta ba, ɗan'uwa. Wannan bijimi yana birnin New York tun 1989. Mutum ne ya ƙera shi, camfin kuma mutane suka ɗora masa daga baya. Haka abin yake somawa. Gumakan nan, Wadda da Suwa'u da Yagusa da Ya'uƙa da Nasru na Suratu Nuhu, Ibnu Abbas ya ce sunayen mutanen kirki ne, aka kafa musu alamu don tunawa, da jikoki suka zo sai bauta.

A hanyar Hunaini, shekara ta 8 bayan Hijira, wasu sababbin Musulunta suka roƙi Annabi (SAW) ya ware musu bishiyar rataya makamai don neman albarka, kamar Zatu Anwaɗ ta mushirikai. Ya kamanta roƙon nasu da na Bani Isra'ila da suka ce wa Annabi Musa ya yi musu abin bauta. Bishiya ce fa, ko siffar dabba ba ta da ita.

Wanda ya shafa da imanin bijimin da kansa ke ba da arziki ya yi babban shirka. Wanda ya ɗauke shi sanadi kawai, ƙaramar shirka ce. Kai ka ce talla ce, na yarda da kai. To makiyayin da ya shafa da safe, saniyarsa ta yi tsada da azahar, me za ka ce masa mako mai zuwa? Kai ka rubuta masa alƙawarin da ka san ƙarya ne.

Ko babu rubutun, malamanmu na Malikiyya sun haramta cikakken mutum-mutumin abu mai rai, wanda ke da inuwa. Hoton da aka zana a allo ya fi sauƙi a wurinsu, amma in ka tambaye ni, ka zana buhun dusa da farashinsa. Kuɗin simintin ka sayi rumfa da randar ruwan sanyi, masu koro shanu daga nesa za su tsaya.

Wallahu a'alam.