Amsa ga uwar da aka ce 'yarta na da ciwon baifola

'Yar'uwa, sai da na ajiye wayar na share hawaye kafin na iya rubuta miki. Kin ce 'yarki shekararta 14, likita ya ce baifola ce, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai sa yanayin mutum hawa da sauka, ke kuma zuciyarki na gaya miki azabar da ta sha tana ƙarama ce ke cin ta. Ni ma ta nan na biyo.

Ina shekara 9 na koma hannun matar kawuna. Dukan bai dame ni kamar kullewar ba. Ta tura ni ɗaki, ta kashe fitila, ta murɗa makulli, in kwana ina jin dariyarsu a waje. A gaban baƙi kuma ta shafa kaina ta ce "'yata ce". Har yau in na ji ƙarar makulli sai gabana ya faɗi. Ta rasu, amma bakina bai iya furta yafiya ba tukuna.

Likitan farko da na gani ko yarintata bai tambaya ba. Na biyun ne ya zauna ya bambance mini: firgita, mugun mafarki da saurin fushi in an taɓo tsohon miki, wannan tabon azaba ne. Baifola kuwa tashi take yi, mutum ya yi kwana 4 ko mako guda barci kaɗan ba gajiya, ga surutu, ga jin ya fi kowa, daga baya baƙin ciki ya danne shi makonni. Ni duka biyun aka samu, don baifola akwai gado a cikinta, kuma azabar yarinta kan sa ta bayyana da wuri. A Amurka ma sai da aka gyara littafin likitocin ƙwaƙwalwa a 2013, saboda yawan laƙaba wa yara masu fushi sunan baifola.

Don Allah kada ki tsayar mata da magani da kanki. In maganin litiyam aka ba ta, a riƙa gwada jini da ƙoda. Ki samu littafi ki riƙa rubuta awannin barcinta kullum, ki kai wa likita, ki gaya masa komai har abin da kike jin nauyin faɗa. Maganata ce da mai ba da shawara ta rage mini mafarkan, ba ƙwaya ba.

Kuma wanda ya cuce ta, kada a sa ta gaishe shi dole. Ni an sa ni, shekara da shekaru. In ta ambaci mutuwa ko da wasa, ki kai ta asibiti a ranar.